Yadda Furen Ƙanƙara Ya Shiga Siyasar Garinmu

Akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, ko da yake yanzu da dariya nake tuna ta. Ranar ce na iso wurin aiki da safe na tarar da maroƙi a ƙofar cibiyarmu yana zuba wa shugabanmu Direkte kirari, alhali Direkte bai yi aure ba, ba a yi masa haihuwa ba, ba kuma daga hajji ya dawo ba. Ku sababbin ma'aikata da kuka ce in ba ku labarin, bari in faro daga tushe, don in ban bayyana muku yadda aiki yake a lokacin ba, za ku ɗauka garin ne gaba ɗaya ya zauce.

Shekarar ce sojoji suke riƙe da mulki, sun yi alkawarin mayar da shi ga 'yan siyasa, ana ta shirin zaɓe. Ni kuma na gama jami'a a Yamai, aka turo ni bautar ƙasa wata ƙaramar cibiyar malamai a yankin Agye. Ba zan ambaci sunan garin ba, saboda mutanen da abin ya shafa suna nan da ransu, kuma ba na son ɗaukar alhakin kowa. Ga wanda bai sani ba, ɗan bautar ƙasa ba cikakken ma'aikaci ba ne. Yana aiki a ƙarƙashin wani shugaba, in wa'adinsa ya cika shugaban ya sa masa hannu a takardar shaidar cewa ya yi aiki lafiya. Da wannan takarda ake shiga konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. In babu ita, mutum sai ya koma gida da digirinsa ya taya tsohonsa noman gero. Ni a lokacin wa'adina ya kusa cika, kuma kullum da wannan takarda nake kwana, da ita nake tashi.

Cibiyar ba wata babba ba ce: 'yan ɗakuna da doguwar baranda mai kallon titin kasuwa. Wata ƙungiya ta Turai ce ta ba mu kwamfutoci, waɗanda kowa a can ordinatar yake ce musu, da na'urar buga takarda mai launi, da ɗan abin kama intanet wanda sai an rataye shi a taga yake yarda ya yi aiki. Aikina shi ne koya wa malaman lakol, wato makarantun boko, na ƙauyukan kewaye yadda ake sarrafa su. Shugabana Mushe Lawali (Mushe kamar a ce Malam ne), wanda muke kira Direkte, dattijo ne da ya kusa ajiye aiki, kuma babban burinsa shi ne ya ajiye shi ba tare da an kira sunansa a ko'ina ba. Tun da aka yi gargaɗi cewa ma'aikacin gwamnati ba ruwansa da siyasa a wurin aiki, ya naɗe duk rigunansa masu launi ya zuba a akwati, ya koma sa farare zalla.

Wata rana ƙungiyar ta aiko da saƙo. 'Yar ɗaya daga cikin mambobinta, mai suna Sofi, ta ƙera wani shafin intanet, tana so malamanmu su gwada su gaya mata ra'ayinsu. Yadda shafin yake shi ne: farar takarda za ta bayyana a allon kwamfuta, ta ninke kanta har ta koma kamar tsinin mashi. Sai ka ja ɗan abin hannun nan kamar almakashi, ka yi ta gutsurar gefenta yadda ka ga dama. In ka danna wani wuri, sai ta warware, ta fito da siffa mai rassa shida, kowane reshe daidai da ɗan'uwansa. Wai haka ƙwayar dusar ƙanƙarar da ke zuba a ƙasarsu take in an dube ta da kyau. Ni dai ban taɓa gani ba, don haka ba zan rantse ba. Furen ƙanƙara na sa masa suna, sunan kuwa ya zauna. Sofi ta ce zai taimaka wajen koya wa yara daidaiton siffofi, ta kuma roƙa a gaya mata duk inda ya gaza don ta gyara. A ƙasan shafin akwai wurin rubuta mata ra'ayi.

Ranar taron malamai na nuna musu. Bisa al'ada, Direkte ne ya fara. Ya kama abin hannun da ƙarfi kamar zai yanka rago, ya yi ta sara har takardar ta kusa ƙarewa. Da ta warware, abin da ya fito ya fi kama da ɓawon gyaɗa da kaji suka tattaka. Ya dube shi ya daɗe, ya ce, “Madalla.” Malamai suka ce, “Madalla.”

Daga nan ɗaki ya kaure. Manyan mutane masu gemu suna ture juna a kan kujera. Madam Rakiya, shugabar wata lakol kusa da Cadawa, mace mai kaifin baki da kaifin hannu, ita ta fi kowa iyawa. Da aka natsa na miƙe na ce, in ba damuwa, ko akwai wanda ya ga wani abu da za a iya gyarawa.

Direkte ya dube ni ta saman tabarau. “Mushe Sha'aibu, yarinya ta zauna ta yi mana abu kyauta, mu kuma mu aika mata da kushe? Wa ya rene ka?”

Na ce ai ita ce ta nema.

“Ta nema don ladabi. Kai ma ka amsa da ladabi.”

Na rubuta mata godiya mai tsawo, na ce kowa ya ce madalla, wanda kuma gaskiya ne. Madam Rakiya ta ce abu mai kyau haka bai kamata ya tsaya cikin na'ura ba, a buga a ƙawata baranda. Na buga. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, shafin nan kowane fure fari yake fitarwa a kan shuɗin fili, babu wani launi sai shi. Muka jiƙa ƙaro muka manna su reras, daga wannan kusurwar baranda zuwa waccan, suna kallon titi. Muka koma gida muna jin mun yi aiki.

Washegari ne na tarar da maroƙin. 'Yan kabu-kabu suna wucewa suna danna mana oda suna ɗaga hannu. Direkte yana tsaye a baranda cikin fararen kayansa, fuskarsa kamar wanda aka tasa daga barci. Kafin in tambaye shi, sai ga motar Alhaji Mati, babban mai sayen aya a garin, kuma shugaban wata jam'iyya. Ya fito da shuɗiyar babbar riga, da shuɗiyar hula, motar ma an ɗaura mata shuɗin ƙyalle. A nan ne na tuna shuɗi launin jam'iyyarsa ne.

Ya damƙa wa Direkte ƙunshin goro, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. “Mun gani, Mushe. Mun gode. Ba sai kun ce komi ba.”

Direkte ya ce, “Alhaji, ai ba mu ce komi ba.”

“Shi na ce. Ku ma'aikata ne, mun san halin da kuke ciki. Bango ya isa.”

Bai daɗe da tafiya ba sai ga Alhaji Na-Allah, mai sayen wake, mutumin Gidan Rumji da ya daɗe zaune a garin, shugaban jam'iyyar da launinta ruwan ɗorawa ne. Shi da Alhaji Mati a sahu ɗaya suke salla, kuma babu abin da suka taɓa yarda a kai tun suna samari. Bai zauna ba.

“Mushe Lawali, mi nike gani haka? Nan ba nan za a aje akwatin zaɓe ba? A tsige su yanzu, ko in tahi wurin Kwamanda.”

Kwamanda shi ne hafsan sojan da aka ba riƙon yankin kafin a yi zaɓe. Ba wanda ya taɓa jin ya yi wa wani mugun abu, amma ba wanda yake so ya zama na farko. Direkte ya yi mini alama da ido, na je na ɓanɓare fure ɗaya. Ban kai ga na biyu ba Alhaji Mati ya dawo, don 'yan kabu-kabu sun riga sun kai masa labari. Ya ce duk wanda ya ƙara taɓa takardar nan tutarsu ya yaga a gaban jama'a, kuma shi ma ya san hanyar gidan Kwamanda.

To, kun ji inda muka tsaya. In mun bari, siyasa. In mun tsige, siyasa. Direkte ya ja ni cikin buro, wato ofishinsa, ya rufe ƙofa.

“Wa ya buga takardun nan?”

Na ce ni ne, amma bisa shawarar jama'a, kuma in ban manta ba shi ma ya riƙe mini kwanon ƙaro.

“Ban tambaye ka ƙaro ba. Ka ji ni da kyau, ɗana. In sunana ya kai gaban Kwamanda, naka zai riga shi isa. Hannuna ba zai hau takardarka ba sai bangon nan ya huce.”

Ba na jin mugunta ce ta sa shi faɗin haka. Tsoro ne, kuma na gane shi, don irinsa ne a cikina.

Na fito na roƙi Alhaji Na-Allah ya saurare ni. Na ce masa waɗannan ba tuta ba ne, hoton ƙanƙara ne.

“Ƙanƙara? A garin ga da ruwan randa ke tahwasa da azahar?”

Na ce ta ƙasar Turawa ce.

“To can ƙanƙara shuɗiya ce?”

Na ce a iya sanina fara ce.

“To shuɗin na wa ne?”

Na ce ko zai shigo ya gani da idonsa. Ya shigo yana huci, ya tattara riga ya zauna gaban kwamfuta, na ɗora hannunsa a kan abin ja. Ya gutsura nan, ya gutsura can. Da takardar ta warware sai ya matso kusa da allon. Ya ce a sake. Ya yi na biyu, ya yi na uku, har ya manta da fushin, yana cewa, “Kai, ɗiyar ga ta san aiki.” Can ya tuna abin da ya kawo shi, ya gyara zama.

“To maida shi ruwan ɗorawa.”

Na ce ba ya yi.

“Ka ji ko! Har na'urar Mati ya saye.” Ya miƙe. “Yaro, ka gaya wa mai abin ga ta sa launinmu. In ranar kasuwar Cadawa ta zo ban ga ruwan ɗorawa a bangon ga ba, daga kasuwa gidan Kwamanda zan wuce.”

Wannan, in an duba, shi ne ra'ayi na gaskiya na farko da aka bayar a kan shafin. Saura a isar da shi. Na zauna na rubuta wa Sofi da Faransanci, Direkte yana tsaye a kaina yana cewa a tausasa. Ni ma ba na buƙatar a ce mini in tausasa. Na fara da yabon shafin. Na yabi shuɗin musamman, na ce launi ne mai kwantar da rai, don kada ta ji zafin abin da ke tafe. Sannan na ce watakila, in ba zai zama wahala ba, kuma in ita ma ta ga dacewar haka, akwai yiwuwar wasu mutane a wasu wurare su so ganin wasu launuka wata rana, ko da yake shuɗin ya wadatar. Ban ambaci zaɓe ba, don Direkte ya ce kada a fitar da sirrin gida waje.

Amsa ta zo da wuri. Madam Rakiya ta shigo gari karɓar alli, ita ta karanta mana da ƙarfi. Sofi ta ce ta yi murna ƙwarai da muka so shuɗin, ita da kanta ta zaɓe shi, launin sararin samaniyar garinsu ne da yamma. Ta ce don ta nuna godiya, ta ɗora furanninmu a fuskar shafin, da sunan cibiyarmu a sama da manyan baƙaƙe, duk duniya ta gani.

Direkte ya nemi kujera. Maroƙin nan kuwa, wanda tun ranar farko ya tare a gindin tagarmu saboda Alhaji Mati yana aiko masa da abinci, ya ji komai. Kafin la'asar ya sa a cikin kirari cewa har Turai ta bi Alhaji Mati.

Madam Rakiya ta gama dariyarta ta share hawaye, ta ce, “Ƙanena, karanta mini abin da ka aika mata.” Na karanta. Ta riƙe haɓa.

“Yanzu in kai ne aka aiko wa wannan, mi za ka gane?”

Na ce ai in mutum ya lura da kyau, akwai alama a ciki.

“Alama! Mu da muka sha nono ɗaya da kunya mu ke jin alama. Ita ta tambaye ku tsakaninta da Allah, kun rufe ta da daɗin baki. Wannan ba ladabi ba ne, barin mutum ne cikin duhu. Zauna. Rubuta.”

Direkte ya ce, “Rakiya, kyauta ce fa.”

“Mushe, kyautar ce za ta kai ka gaban soja. Ka zaɓa.”

Direkte ya ce, “To a dai fara da gaisuwa.”

Aka fara da gaisuwa. Duk inda hannuna ya je zai rubuta “watakila”, sai ta buge shi da alli. Abin da ya rage bai fi tafin hannu ba. Na ce mata ana zaɓe a ƙasarmu, shuɗi launin wata jam'iyya ne, mutane sun ɗauka mun shiga siyasa. Na ce ta cire sunanmu yau, ta ba mu damar zaɓen launi, in ba haka ba zan rasa aikina. Da na danna aikawa ji na yi kamar na mari baƙuwa a tsakar gidanmu. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Ina ta lissafin yadda za ta kai ƙara wurin ubanta, uban ya gaya wa ƙungiya, ƙungiya ta aiko a kwashe kwamfutoci, a ce ɗan bautar ƙasa ne ya jawo.

Kwanaki suka wuce babu amsa. Alhaji Na-Allah kullum sai ya biyo ta gaban cibiyar, ya rage tafiyar mota, ya leƙo ya ce, “Yaro, kasuwa na matsowa.” Ana gobe kasuwar, da hantsi, na buɗe shafin, sai na ga sunanmu ya ɓace daga sama. A ƙasan takardar kuma ga jerin 'yan da'irori masu launi kala-kala. Saƙonta gajere ne. Ta ba da haƙuri, ta ce ba ta taɓa tunanin launi zai iya cin aikin mutum ba. Ta ce tun da ta buɗe shafin kowa cewa yake yi ya yi kyau, wannan ne karo na farko da wani ya gaya mata abin da za ta iya gyarawa. Ta tambaya ko akwai sauran.

Na aika aka kira Alhaji Na-Allah. Ya yanka furensa da hannunsa, ya danna ruwan ɗorawa, ya tsaya har aka buga, ya manna shi da kansa a daidai gurbin wanda na ɓanɓare. Alhaji Mati ya zo ya yi ƙorafi, amma da aka ce masa shi ma ya zauna ya yanka nasa, sai ƙorafin ya koma gardamar wa ya fi iya riƙe almakashi.

“Wannan naka fure ne ko tafin raƙumi?”

“Kai dai je ka auna wakenka, mi ka sani game da ƙanƙara?”

Daga nan ƙananan jam'iyyu suka ji labari. Masu kore suka zo, masu ja suka zo, har da wata jam'iyyar da duk garin mutum ɗaya ne ɗanta, shi ma ya zo ya nemi haƙƙinsa. Bangon ya cika ya koma kamar shagon mai atamfa. Direkte ya daina ɓuya a buro, yana zagayawa da hannu a baya yana cewa ai dama cibiya ta kowa ce.

Kwamanda dai ya zo, ba tare da kowa ya kai ƙara ba. Yana zagayen duba wuraren da za a yi zaɓe ne, motarsa ta tsaya a ƙofarmu. Ya sauko ya bi bangon da kallo daga farko har ƙarshe, ya ce mene ne wannan. Na ji hannun Direkte a bayana yana tura ni gaba a hankali. Na yi bayani tun daga Sofi har zuwa ruwan ɗorawa. Ya saurara bai katse ni ba.

“Kowace jam'iyya tana da nata?”

Na ce a iya binciken da na yi, e, ranka shi daɗe.

“Akwai launin kaki?”

Na dubi Direkte, Direkte ya dubi silin. Na ce babu, ranka shi daɗe, amma in ana so, ana iya rubuta mata.

Ya yi dariya har ya dafa mota. “Bar shi, Mushe. Mu tafiya za mu yi.” Ya ba da umarni a kwashe komai ana gobe zaɓe, kamar yadda doka ta ce a yi da duk wata alama a wurin jefa ƙuri'a, ya shiga mota ya wuce.

Ana gobe zaɓe kowace jam'iyya ta zo ta ɓanɓare nata da hannunta, ba wanda ya taɓa na wani. Da bangon ya koma fari, Direkte ya kira ni buro, ya ɗauko takardata, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya hura shi ya bushe. Ya miƙo mini ya ce, “Ka yi ƙoƙari, ɗana. Amma don Allah in yarinyar nan ta sake ƙera wani abu, kada ka buɗe sai na ajiye aiki.”

Abin da na ɗauka daga wannan, in har na fahimce shi daidai, shi ne aikinmu na neman ra'ayin mutane ya fi wuya fiye da yadda ake koya mana. Mutanenmu ba sa kushe abin da aka ba su, kuma wannan hali ne mai kyau, ba na so ya ɓace. Amma in kun shiga ɗaki kun tambaya kowa ya ce madalla, kada ku rubuta cewa an amince. Ba a gaya muku komai ba tukuna. Ku fita ku nemi wanda abin ya taka wa ƙafa, ko da da faɗa zai zo, shi ne zai gaya muku inda gyara yake. In kuma za ku isar wa wanda yake nesa, wanda bai san yadda muke naɗe magana ba, ku warware masa ita. Ni har yau yana yi mini nauyi, sai na rubuta na goge na sake rubutawa. Kuma har yau, kafin in manna kowace irin takarda a bangon ma'aikata, ko ta sanarwar hutu ce, sai na fita bakin titi na nuna wa mai shayi, na tambaye shi launin na wa ne.